Likitar da Muke Kira Kawo-Mu-Gwada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Afrilu, Allah ya karɓi ran likitarmu ta ɗakin masu ciwon zuciya, bayan cutar da ta ɗauka a bakin aiki ta ƙi jin kowace allura. Ban yi boko ba, 'yata ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na ce kada ta tausasa ko kalma ɗaya.

Likita, kin tuna ranar da kika kama ni da gorar jiƙo a ƙarƙashin benci? Na shirya faɗa, don duk likitocin da suka gabace ki tsawa suke yi mini. Ke kuwa sai kika shinshina, kika yamutsa fuska, kika ce, "Baba Gardama, wannan ko kura ta sha sai ta tuba. Kawo mu gwada." Daga nan sunan ya bi ki.

Kin kuwa gwada ɗin. Kin tara mu, tsofaffi masu haki, kin raba mu gida biyu: wasu aka ba su garin saiwar jiƙon na gaske, wasu garin banza mai kama da shi, ba wanda ya san nasa, har ke. Na ce wannan ai wasan makafi ne. Kika ce ido na da son kai, shi ya sa aka rufe shi. Zagayen farko ya nuna saiwar da na gada wurin mahaifina tana tsinka jini in ta haɗu da ƙwayar asibiti. Na daɗe ina fushi, ko gaisuwarki ba na amsawa. Amma da na daina shan saiwar, haɓon da ya addabe ni ya tsaya, kuma ba ki taɓa yi mini gori ba.

Yanzu mai sayar da saiwa a ƙofar asibiti yana shela, wai alhakin raina maganin kakanni ne ya kama ki. Ƙarya yake yi! Wanda ya raina abu ba ya ɓata shekarunsa a kansa. Abin takaici, tsoro ya kori rabinmu, har tsohon direban da ke zama kusa da ni. An ce in muka ƙara raguwa za a rufe binciken, wahalarki ta bi ruwa. To, gida-gida nake bi da sandata. Na shaida wa direban, in ya ƙi fitowa, a ƙofarsa zan tare har matarsa ta gaji da ba ni ruwa. Jiya ya sa hula ya biyo ni, yana zagina har bakin asibiti.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara. Allah ya ba maigidanki da 'ya'yanki haƙurin wannan rashi. Ke kuma mahaifiyarta, kada maganar bakin ƙofa ta taɓa ranki. 'Yarki a kan aiki ta faɗi, mu da ta bari kuwa za mu ci gaba da miƙa hannu ana ɗibar jini har a kammala abin da ta fara. Allah ya sa Aljanna ce makomarta, amin.