Bushin a Firizar Mama

Da hutun ajina na biyu a jami'a, na ce wa Baba zan canza masa bushin ɗin ƙafar bayan motarsa a gida, wato robobin da ke rage girgiza, ba sai ya kai motar Sabon Gari ba. Na karanta cewa sanyi yana tsuke sabon bushin ya shiga raminsa da sauƙi. Ran Asabar na ɗora motar kan bulo, na fitar da tsofaffin, na saka sababbin a firizar Mama kusa da zoɓonta. Sai aka ɗauke wuta a Samaru, kwana biyu.

Ran Litinin Baba ya fito da shirin ofis, ya dubi motar.

"Injiniya, wuta muke jira?"

Na ce, "Eh, Baba."

Ya gyara hularsa, ya tafi neman bas.