Kyautar da Ta Tona Mini Asiri

Ni ba a gidan ɓarayi na tashi ba. A gidanmu ko allura ka tsinta sai ka yi cigiya. Na gama sakandare, ina jin Turanci daidai gwargwado, kuma da iƙama ta halal, wato takardar izinin zama, na shigo Riyad a matsayin direban gida. Na faɗi wannan ne don kada wani matashi ya karanta ya ce ai dama can lalatacce ne.

Kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, wani dattijo ne a unguwar Nasiriya, injiniya mai ritaya. Ammi nake ce masa, wato baffana, shi kuma ya waladi yake kirana, wato ɗana. A ƙuruciyarsa ya yi karatu a Amurka, a can ya kamu da son besbol, wasan nan da ɗaya ke jefo ƙwallo ɗaya ya doke ta da kulki. Ya dawo da akwati cike da tsofaffin katuna, kowanne da hoton ɗan wasa a gaba, a baya kuma an rubuta inda ya buga da abin da ya ci. Ciwon suga ya cinye masa ido, inuwa kawai yake gani. Da ya gano ina karanta Turanci, sai ya zama kullum bayan la'asar in zauna a gefensa, ya zaro kati, in karanta masa.

Layi ɗaya zan karanta ya karɓe. Ya san wanda ya yi shekara ashirin yana wasa bai taɓa ɗaga kofi ba, ya san wanda giya ta kayar. Amma wanda ya fi so wani bahago ne mai jifa, da aka ce ba a taɓa ganin hannu irin nasa ba, a shekararsa ta uku kafaɗa ta tsage, ya ƙare yana sayar da mai a gefen hanya. Ammi yakan shafa ledar katin ya ce, "Katinsa kaɗan aka buga, ya waladi, domin ba wanda ya zaci za a tuna da shi."

Wata rana na kai shi asibiti a unguwar Ulaya. Ina jiransa na shiga wani kanti da ake sayar da tsofaffin kuɗi da kan sarki, sai ga irin katunan nan a cikin gilashi. Na tambayi farashi don neman sani kawai. Abin da aka faɗa mini ya hana ni cin abinci ranar. Wani dillali da ke tsaye ya biyo ni waje ya ce in ina da irinsu in neme shi.

Na fara da sace katin da Ammi ke da irinsa guda biyu, na kai wa dillalin. Na ce wa kaina ai ba gani yake ba, kuma ɗaya ya ishe shi. Ba abin da ya faru. Wannan shirun shi ya kashe ni.

Da masu biyu-biyu suka ƙare, sai na tuna da Sale, mutumin Maraɗi da muke sallar Juma'a tare, yana aiki a wata maɗaba'a a Birnin Masana'antu na Biyu. Na ce masa maigidana ne ke son kwafi don kada na ainihin su lalace. Ya yarda, ko ladan aiki bai karɓa ba. In ya buga, ni kuma in dafa su da ruwan shayi don su yi kama da tsofaffi, in goge kusurwa, in zura a leda in mayar akwati, na ainihin kuma in kai wa dillali. Haka na yi ta yi har na kai kan bahagon. Bayan la'asar in zauna in karanta wa makaho takardar da na dafa da hannuna, yana murmushi yana ba ni labari.

Da hutuna ya gabato, Ammi ya kira ni gaban babban ɗansa. Ya lalubo katin bahagon ya ɗora a tafina ya ce, "Shekara shida kana zame mini ido. Wannan naka ne, ka sayar ka yi gini a garinku." Na ce a'a, wallahi ba zan karɓa ba. Ya ɗauka kunya ce. Ya juya wajen ɗansa ya ce, "Ka kai shi wurin masani a rubuta masa shaida da sunansa, kada wani ya tare shi ya ce sato shi ya yi."

Ni na tuƙa motar da kaina. Masanin ya ɗora katin ƙarƙashin fitila, ya duba da madubi, ya shinshina, ya ce bana aka buga wannan. Ɗan Ammi ya karɓi katin. Ya koma gida ya kwaso akwatin gaba ɗaya ya kawo wa masanin.

Kafin 'yan sanda su iso, Ammi ya sa aka kawo ni gabansa. Bai zage ni ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Duk kwanakin nan da kake mini karatu, ka san ba su ba ne?" Na ce na sani. Ya gyaɗa kai ya ce a kai shi ɗaki.

Ya yafe haƙƙinsa a gaban alƙali, amma haƙƙin hukuma ba ya yafuwa. Na yi shekara biyu a kurkuku. Dillalin ya rantse bai taɓa ganina ba, katunan kuma sun riga sun bar ƙasar. Sale ya kwana uku a hannun hukuma kafin a gane yaudararsa na yi, amma aikinsa ya tafi, aka mayar da shi gida da iyali a wuyansa. Ina ciki na ji Ammi ya rasu. Mai dafa abincin gidan ya aiko mini cewa tun ranar da asirina ya tonu Ammi bai sake neman akwatin ba.

Ranar da aka sake ni, daga ƙofar kurkuku sai jirgi, da tambarin hana dawowa a fasfo. Yanzu ina tuƙa a-daidaita-sahu, in na gaji in kwanta. Na tuba ga Allah, na je har Maraɗi neman gafarar Sale, ya ce in ba shi lokaci. Har yau ina jira.

Ku matasa masu haramar fita neman arziki, ban iya wa'azi ba, kuma na gaji da maimaita labarin nan. Za a ba ku makulli, a bar ku da tsoho, a bar ku da abin da mai shi ba ya iya ƙirgawa. In zuciya ta ce muku ai ba zai gane ba, to gaskiya ta faɗa, wataƙila ba zai gane ba. Ku mayar da hannunku aljihu duk da haka. Kurkuku na gama shi. Fuskar mutumin da ya yarda da ni kuwa, ba alƙalin da ya yanka mini ranar gamawa.