Awon Jikokin Inna Amarya

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Magama, can bakin iyakar Jibiya, ya san Suwaiba Mai Waina. In bai san sunanta ba, to ya san muryarta, don tun kafin ka hango hayaƙin tandarta za ka jiyo ta tana yi wa wani direba tsiya a kan miyar da ya ƙara sau biyu. 'Yar wani ƙauye ce can gaba da Maraɗi. Aure ya tsallako da ita wannan ɓangaren, gidan Malam Uwaisu mai sayar da hatsi a kasuwar Jibiya, kuma tandar da take suya da ita har yau ita ce wadda mahaifiyarta ta sako mata cikin kayan ɗaki.

'Ya'yanta uku: Sadiq, Ilham da Imrana. Su Ilham da Imrana kam, duk tasha an san labarinsu. Ranar da haƙorin Imrana ya fita, sai da jandarman da ke can tsallake suka ji. Amma Sadiq ɗan fari ne, saboda haka bakin nan nata mai kaifi ba ya ko kama sunansa. "Yaron nan" take ce masa. In aka yabe shi a gabanta sai ta sunkuya ta hau juya waina, ko da ba ta soyu ba.

Mahaifiyar tata kuwa, tun ranar da aka kai ta gidan miji ake ce mata Amarya. Ta haifi 'ya'ya, ta aurar da su, haƙora suka zube, idanu suka tafi, sunan yana nan bai tsufa ba. Inna Amarya ba ta yarda da labarin baki, kuma tana da dalili. Shekarun baya ɗanta Isah ya tafi neman abinci Agadas, ciwo ya kama shi, ya rasu a can. Dangi suka haɗa baki suka ɓoye mata har damina ta wuce, kullum sai a ce yana gaishe ta. Har da Suwaiba cikin masu isar da gaisuwar. Da gaskiya ta fito, tsohuwar ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta dai daina tambayar kowa lafiyar kowa, wanda ya fi faɗan ciwo. Suwaiba ta durƙusa gabanta tana kuka, ta yi mata alkawarin ba za ta sake ɓoye mata komai ba, mai daɗi ko marar daɗi.

Daga nan ne al'adar igiya ta samo asali. Ƙauyen da nisa, hanyar ba ta da kyau, yara na makaranta, iyakar kuma yau a buɗe gobe a rufe, sai ya zama jikokin sukan daɗe ba su je ba. Saboda haka duk shekara, in Babbar Sallah ta gabato, Suwaiba takan jera su jikin bango, ba takalmi, ta auna kowa da siririyar igiyar rama tun daga diddige har tsakar ka, ta yanke. Ƙulli ɗaya na Sadiq, biyu na Ilham, uku na Imrana. Sai ta haɗa da saƙon murya: wa ya sauke izu nawa, wa ya yi ƙyanda, wa ya fasa mata tulu. Da can a kaset take yi, yanzu a waya, maƙwabcin Inna ya kunna mata. Tsohuwar takan saurara tana gyaɗa kai, amma hankalinta ba ya kwanciya sai ta ɗauko igiyoyin bara ta jera da na bana, ta bi su da yatsa ta ji ƙarin da kowa ya yi. Da su kuma take zuwa wurin tela a ɗinko wa yaran kayan Sallah. Ita ma Suwaiba igiyar ta yi mata rana, don abin da kunya ta hana ta faɗa a kan ɗan fari, ƙulli ɗaya yana faɗa mata shi.

To, bana an yi awo lafiya. Sadiq sai da aka hau turmi kafin a kai tsakar kansa. Ilham tana ta ƙunƙuni wai ita ta girma da wannan abu, uwar ta ce ta tsaya ko ta ji dundu. Imrana ya yi ɗage, aka kama shi, aka sake. A saƙon murya Suwaiba ta faɗi komai da komai, har akuyar da ta haifi uku. Abu ɗaya ta tsallake. Bayan shekara goma sha uku da haihuwar auta, Allah ya sake ba ta ciki, har ya fara tasawa. Ita da ɗanta ya fara gemu! Ta yaya za ta buɗi baki ta gaya wa uwarta, a wayar maƙwabci, ƙila ma yaran unguwa na zagaye suna ji? Ta ƙara faɗin hijabi, ta riƙa kawar da kai in mai ya yi zafi, ta ce a ranta sai bayan Sallah.

Mai kai saƙon kullum shi ne Kalilu, ƙanen mijinta, mai jan wata tsohuwar mota tsakanin Magama da Maraɗi. Mutumin kirki ne, sai dai motarsa duk abin da bai faɗi jiya ba yau zai faɗi. Ran nan an wuce duwan, wato shingen kwastan na Nijar, ke nan, ƙofar baya ta ƙi rufuwa, ga fasinja takwas da buhunan masara. Ya laluba ƙarƙashin kujera ya ji igiya a leda, ya ce alhamdu lillahi, ya ƙulle ƙofar tam. Sai a Maraɗi, da ya sa wuƙa ya yanyanke, ya ga ƙulle-ƙullen. Mai hankali da ya koma ya faɗi gaskiya. Kalilu kuwa kasuwa ya shiga ya sayi sabuwar igiya, ya tsaya gindin bishiya yana awo da jikinsa: Sadiq ya kai kunnensa, Ilham kafaɗa. Imrana fa? A idon Kalilu har yanzu Imrana ɗan mitsitsin nan ne da yake saya wa alewa. Ya yanke a ƙasan ƙirji, ya yi ƙulli uku, ya kai wa tsohuwa har da ƙarin gaisuwa.

Suwaiba na cikin zuba ƙullu wayarta ta yi ƙara. Ba sallama, ba gaisuwa.

"Suwaiba, ina Imrana?"

"Inna, ina kwana? Yana gida, na baro shi yana ba rago dusa."

"Igiyarshi ta ragu da taƙi guda. Na gwada da ta bara, na gwada da ta bara waccan. Tun da nike ban taɓa jin yaron da ya koma ƙasa ba. Ɗan wa kika auna mani?"

Suwaiba ta yi dariya, ta ce ƙila tsohuwa ta rikita igiyoyin ne. Dariyar ba ta samu abokiya ba. Ta bar tanda a hannun maƙwabciya, ta hau babur sai gida, ta miƙa wa yaron waya. Abin haushi, a watannin nan ne muryar Imrana ta fashe, in ya yi magana sai ka ce ɗan zakara mai koyon cara.

"Inna, ni ne mijinki! Ina goron Sallata?"

Sai tsohuwar ta ce, "Wanga ƙaton kuma daga ina? Ba uwarka wayar." Da Suwaiba ta karɓa, muryar Inna ta yi sanyi. "Haka kunka yi mani ga Isah. Ki rantse mani ba abin da kika ɓoye."

Suwaiba ta buɗe baki. Wallahin ya zo har kan harshe, sai hannunta ya sauka kan cikinta, rantsuwar ta maƙale. Ɗan shirun nan bai fi na haɗiyar yawu ba, amma kunnen makauniya bai bar shi ya wuce ba.

"To," in ji Inna. "Na ji." Ta kashe.

Ranar nan Suwaiba ta ƙona waina ta fi a ƙirga. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Ta san uwarta: yanzu haka tana can ta juya wa bango fuska tana makokin yaron da ke nan yana kokawa da rago. Kuma ta san in wannan amanar ta sake karyewa, ba igiyar da za ta ɗaure ta. Maƙwabcin ya bugo ya ce tsohuwa ko fura ta ƙi sha.

Washegari Kalilu ya zo cin waina yana fito, ya ga matar wansa ta tsaya da cokalin suya a hannu tana kallonsa. Bai ko jira tambaya ba.

"Matar Yaya, Allah ya huci zuciyarki. Ƙofa na ɗaure da igiyoyin, na sayi wata na auna da jikina, ta Imrana a ƙirji. Da fasinja ya faɗo fa?"

"Da kai ka faɗo ai da an huta! Kalilu, jikokin mutane ka ɗaure ƙofa da su? Imrana ne a ƙirjinka? Yaushe rabon da ka dube shi?"

Duk tasha aka kwashe da dariya, ban da ita. Ta ce ya tashi yanzu, ba lodi ba komai, ya je ya gaya wa tsohuwa abin da ya yi da bakinsa. Ya tafi kuwa. Amma Inna Amarya ta saurare shi har ya gama, ta ce, "An aiko ka." Daga nan ta lalubi sandarta da wani ƙunshi, ta ce a kai ta mota. Matar da rabonta da tsallaka iyaka tun idanunta na gani, ta zauna gidan gaba, ta ce ya ja.

Ranar jajiberi da hantsi suka iso. Kalilu ya shigo da ita tsakar gida yana riƙe da sandar, yana ta zufa. Malam Uwaisu ya durƙusa zai gaishe da surukarsa, ta ce gaisuwa ta jira, a kawo mata Imrana.

Yaron ya matso. Ta ɗora hannu inda take tsammanin kansa, sai ta ji ƙirji. Ta yi sama, ta kama wuya, ta kama kunne, ta zagaya ƙeya. Nan yatsanta ya tsaya a kan tabon da ya samu yana ƙarami, ranar da jakinta ya kayar da shi a ƙofar gidanta. Ta daɗe tana shafa wurin.

"Ja'iri," ta ce. "Wa ya ce ka wuce ni? Da wace murya za ka zo zance?"

"Ai na gaya miki ni ne, Inna, kika ce ƙato."

"To ba ƙaton ba ne?"

Gidan ya ɗauki shewa. Aka kawo Ilham, ta shafa kitsonta, ta shanshana lallen hannunta, ta ce wannan ai ta isa ta riƙa auna kanta. Ilham ta raɗa mata cewa aikin jinya take so ta karanta, abin da ko uwarta ba ta gaya wa ba tukuna. Sadiq kuwa sai da ya rusuna. Hannun tsohuwa ya faɗa kan haɓarsa, ta janye da sauri.

"La ilaha illallahu! Gemu? Shekara nawa ina shafa ƙulli guda, bai taɓa gaya mani gemu ba." Ta kwance ƙunshinta, ashe igiyoyin duk shekarun nan ne, ba wadda ta yar. Ta zaro mafi gajarta ta dafa a ƙafarsa, da ƙyar ta wuce gwiwa. Suwaiba na bakin madafa tana leƙe, ta kawar da kai kamar yadda ta saba, amma wannan karon hawaye take ɓoyewa.

Sai tsohuwa ta juyo daidai inda take, kamar tana ganinta.

"Yara lafiya lau. Saura ke, mai kasa rantsuwa. Zo nan."

Ba wurin gudu. Suwaiba ta taho tana jan ƙafa, ta tsaya. Hannuwan suka bi goshinta, suka bi kumatu, suka sauko kafaɗa, suka gangaro ta kan hijabin nan mai faɗi, suka tsaya. Malam Uwaisu ya tuna ragonsa na bukatar ruwa, ya sulale.

"Inna," Suwaiba ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "kunya ce. Wallahi shi kaɗai ne. Ki yafe mini."

"Yanzu wallahin ya fito," in ji Inna.

Ba ta ɗauke hannun ba. Can sai kafaɗunta suka fara rawa, Suwaiba ta zaci kuka ne, ashe dariya ce. Tsohuwar ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa da bakin nan nata marar haƙori, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ilham ta rufe baki, Imrana yana ta tambayar me aka yi, Sadiq ya bi ubansa wurin rago.

"Kalilu!" ta kira. "Ɓarawon igiya! Akwai saura cikin wadda ka saya?"

Ya ruga mota ya kawo. Ta laluba bakin igiyar, ta yi ƙulli, ta sake, ta sake, ta sake, har huɗu. Kalilu ya miƙo wuƙa, ta ture hannunsa. Ta naɗe igiyar yadda take, ba a yanke ba, ta damƙa a tafin 'yarta, ta rufe da nata.

"Ajiye mani," ta ce. "Wannan ba a aiko mani shi a mota. Ni za ni zo in auna shi da kaina."