Goggo Baturiya da Kunun Iliyasu

"To, in ba ya sha, me kike ɗauka kullum kina kaiwa?" Kawu Dabo ya tambaya. Bai ɗago kai daga ƙotar fartanyar da yake gyarawa ba.

"Kunu nake kaiwa, Malam," in ji Goggo Baturiya. "In na iso rafi a dawowa sai in zubar, in ɗauraye ƙwaryar, kada uwar ta gani. Yau na ƙi zubarwa. Ga shi, duba."

Ta ɗaga faifai. Kunun ya sandare, ko ludayi ba a tsoma ba. Kawu ya kalla, ya mayar da ido kan fartanyarsa. Ina zaune a gefen zauren, na ga yana ta buga ƙotar da ta riga ta zauna.

Iliyasu ake nufi, ɗan farin Kawu Dabo, sa'ana, tare aka yi mana kaciya. Tun lokacin shuka atuni ya kama shi, yana ta gudawa da jini. Da farko ɓoyewa ya yi, sai dai a ga ya yar da fartanya ya nufi bayan kuka, ya dawo yana gumi yana dafe da mara. An ba shi rubutu, an ba shi jiƙon bagaruwa, jinin bai tsaya ba. Da ya kasa miƙewa sai aka ɗora shi a jaki aka kai shi gidan Shago, wani boka Bamaguje da ke hayin rafin Watari. Shago yana da 'yan bukkoki a bayan gidansa inda masu jinya ke kwanciya. Shi magani yake bayarwa, abinci da kula kuwa na dangin mara lafiya ne.

A gidan Kawu babu mai zuwa. Gero yana jiran maimai, in maigida ya bar gona a irin wannan lokaci, yunwa ya gayyato wa gidansa. Uwar kuma, Inna Safiyatu, Iliyasu ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya shigo ɗaki sai ta sami abin yi a tsakar gida. Kakarsa ce ta raine shi, ita kuwa ta rasu bara. Da a ce an ga Inna Safiyatu ta ɗauki ƙwarya ta tafi jinyar ɗan fari, da matan unguwa sun riƙe baki, kuma sunan rashin kunya zai bi 'ya'yanta mata har ɗakin aure.

Shi ya sa aikin ya faɗa kan maƙwabciyarsu.

Goggo Baturiya Bamagujiya ce, gidanta na bayan dangar Kawu. Don farar fatarta aka sa mata sunan, amma rana ta daɗe da cinye farin. Daddawa take yi, takan kai kasuwar Tsanyawa, tana kuma noma gayaunarta da hannunta. A farkon zamanin Sarki Abdullahi mahara daga arewa suka kama mijinta a gona, ba a ƙara jin labarinsa ba, ita ma ba ta ƙara aure ba. Tsofaffi sun ce nata ɗan farin a gidan kakarsa ya rasu, da aka zo gaya mata tana niƙa, ta ce to, ta ci gaba da niƙanta, aka yi ta yabon kunyarta. Ban taɓa jin wannan labari daga bakinta ba. Abin da na sani, duk gidan da ciwo ya shiga a unguwarmu, na Musulmi ko na Maguzawa, ita ake fara gani a ƙofa da ƙwarya a ka. Takan ce da Kawu ya riƙa sa ta a addu'a, ko da sau ɗaya, tunda shi sau biyar yake zuwa wajen Allah kullum bai taɓa kawo mata tsaraba ba. Shi kuma ya ce sai ranar da ta bar shan giya.

A ranar nan ba wanda ya yi wasan. Ta zauna a dakalin zaure ta ba mu labarin abin da ta baro. Iliyasu yana kwance a kan gadon kara, an zuba yashi a ƙarƙashinsa. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya tsattsage, in ka ja fatar hannunsa sai ta tsaya a tsaye. Ta ce ba ciwon ne ya hana shi ci ba. Ya lura duk abin da ya shiga cikinsa sai ya fito, in ya fito kuwa 'yan matan gidan Shago ne ke zuwa kwashe yashin, don ita Goggo da rana kaɗai take can. Saurayi ne. Ya gwammace kada komai ya shiga. Ko maganin Shago sai ya riƙe a baki, in an juya ya tofar.

"Me Shagon ya ce?" Kawu ya tambaya.

"Ya ce in kasuwar Tsanyawa ta ci bai haɗiyi komai ba, ku taho da likkafani."

Jibi ne kasuwar.

Kawu ya tambaya ko yaron nan yana magana. Ta ce yana yi, a hankali. Yana tambayar ko akuya ta haihu, ko gero ya soma fitar da kai, yana tambayar ƙannensa ɗaya bayan ɗaya har da autansu. Mutum ɗaya ce kawai ba ya tambaya, amma in Goggo ta shiga bukkar, ba ita yake kallo ba, bayanta yake kallo.

Tun zamanmu ana daka a cikin gida. Sai a lokacin na lura taɓarya ta tsaya.

Goggo ta ɗauki ƙwaryar ta shiga, na bi ta da tabarmar zaure. Inna Safiyatu tana tsaye a kan turmi. Ta yi wa Goggo sannu da hanya, ta tambayi ko rafi ya kawo ruwa, ta tambayi mutanen hayi, kamar yadda take yi kullum. Goggo ta amsa, ta ajiye ƙwaryar a gabanta a buɗe. Inna Safiyatu ta kalli kunun. Ta dafa taɓarya da hannu biyu, na ji numfashinta daga inda nake.

Goggo ta zube a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ɗaga murya yadda za a ji ta bayan danga. Wai kurkunu ya fito mata a idon sawu, tun rafi take jan ƙafa, gobe ba za ta iya tafiya da kaya a ka ba. Na kalli wurin da take nunawa, wani tsohon tabo ne da na sani tun ina ƙarami.

"Safiyatu, ke za ki ɗaukar mini," ta ce. Sai ta rage murya. "Ba wajen kowa za ki ba. Kaya za ki ɗaukar wa tsohuwa."

Inna Safiyatu ta tsuguna ta rufe ƙwaryar.

Da sassafe suka fita, Goggo a gaba tana ɗingishi da sanda, tana gaisawa da duk macen da ta leƙo, tana nuna mata ƙafa. Inna Safiyatu a baya, ƙwarya a ka, ido a ƙasa.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Muna maimai ni da Kawu a gonar bakin hanya, duk wanda ya ɓullo daga yamma sai mu miƙe. Da azahar wata mata ta ƙwala ihu daga cikin unguwa, Kawu ya saki fartanya, ashe akuya ce ta shiga mata rumbu. Bayan nan na ga yana sare geronsa tare da ciyawa, kunya guda har ƙarshe, bai sani ba. Ban gaya masa ba.

La'asar ta yi sanyi muka hango Goggo. Ita kaɗai ce, babu ƙwarya, babu sanda, tana sauri. Kawu ya tsaya cak a tsakiyar gona. Na ji yana karanta wani abu a hankali.

"Yana nan," ta faɗa tun daga nesa. "Zauna, Malam, kada ka faɗi a kan geron."

Ta ce da suka isa, Inna Safiyatu ba ta shiga bukkar ba. A bakin ƙofa ta zauna, ta ba cikin bukkar baya, tana kallon garken Shago. Iliyasu ya ga bayanta, ya jawo zane ya rufe fuska. Aka daɗe haka, ba mai motsi, har Goggo ta fara tunanin ta yi ɓarna. Can sai uwar ta yi magana, da Goggo take yi, amma ba a hankali ba.

"Goggo, ki gaya wa mai ɗakin nan ni na dama, kuma ban saba a dawo mini da kunu ba. Yashin ni zan kwashe. Kada wata ta ƙara shigowa."

Goggo ta ce ba ta maimaita ba, ludayi kawai ta cika ta miƙa. Ya sha, kaɗan. Ba a jima ba abin da ya sha ya fito, da jini kamar kullum. Uwar ta shiga da kasko, kanta a juye, ta kwashe, ta zuba sabon yashi, ta koma mazauninta. Bayan azahar shi da kansa ya nemi ƙari, ya kuma haɗiye jiƙon Shago.

Kawu ya tambaya ko Shago ya ce zai tashi. Goggo ta girgiza kai. Shago bai ce ba, ita ma ba za ta ce ba. Jinin bai ragu ba, ƙafafunsa sun soma kumbura, kuma a bukkar da ke kusa da tasa an fitar da gawa da safen nan, yana ji.

"Uwar tasa fa?" in ji Kawu.

"Rafi ya kawo ruwa, ba za ta iya ƙetarowa ba. Duk wanda ya tambaya, haka za ku ce."

Na kalli zanen Goggo, bakinsa kaɗai ya jiƙe. Kawu ma ya gani. Ya ce Allah ya sa ruwan ya janye lafiya.

Ta tambaye shi a wane rumbu ake ɗibar gero, don yaran Safiyatu ba su ci komai ba tun safe, ga kuma kunun gobe, sai an jiƙa tun yanzu. Ya gaya mata. Ta gyara ɗaurin zane, ta ratsa ta cikin kunyoyi ta nufi gidan.