Takalman Vandi

Ina cikin ɗinki a rumfata da ke Sabon Layi, Dibora ta zo ta ajiye takalman babanta a gabana. Na ce, "Yau kuma ina ya tsinke?" Sai hawaye suka zubo mata. A nan na gane Vandi ya rasu.

Shekara talatin da huɗu ina yanka masa takalmin taya. Manomi ne daga wani ƙauye bayan Gella. Mutanensu sun daɗe da saukowa daga tudu, amma shi kowace Asabar sai ya hau. Tudun ba babba ba ne, tafiyar awa ɗaya ce. A sama akwai kangon gidan ubansa, da kabarin matarsa a gindin tsamiya. Yakan cire ciyawa, ya mayar da duwatsun da ruwa ya ture, ya zauna. Sau biyu na bi shi, ina haki yana dariya, yana kirana ɗan birni.

Abu ɗaya ya roƙa: a binne shi a can.

Babban ɗansa Clinton ya iso daga Abuja da motoci uku da masu ɗaukar hoto. Na same shi na faɗa masa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Baba, wa zai hau dutse da akwati? Baƙina ba za su iya ba. Kuma wannan maganar gida ce."

Maganar gida! Clinton, rabonka da tudun nan tun kana firamare. Matasa shida na ƙauyen sun ce za su ɗauka, ka hana. Ka binne shi a bakin titi don motocinka su samu wurin tsayawa. Ka sa masa takalmin fata mai tsini, mutumin da bai taɓa rufe yatsunsa ba. Ban yafe maka ba.

Jiya na hau ni kaɗai. Sau biyar ina hutawa. Na ajiye takalman Vandi a gefen kabarin matarsa, na danne su da dutse.

Zuwansa na ƙarshe rumfata, yana jiran gyara, ya ce, "Tsoho, in na mutu ka gaya wa yara, sama ne."

Na ce, "Ka gaya musu da bakinka mana."

"Ba sa jin tawa. Kai za su ji kunyarka."

Na miƙa masa takalmin, na ce, "To, ka bar wannan maganar a hannuna."