Ina Jiratawa Ana Cewa Ina Koriya

A shekarun da aka buɗe siyasar jam'iyyu a ƙasarmu, ni malamin makaranta ne a Maraɗi, saurayi ɗan shekara ashirin da tara, ina haya a wani ɗaki a Sabon Gari. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, aji ya fi daɗewa a rufe da a buɗe. Don kada zama ya kashe ni, nakan je wurin wani Alhaji mai shigo da yadi daga waje ina rubuta masa wasiƙu. Ina da wani hali da sai yanzu nake iya faɗinsa da bakina: ina son a ce ni ne. Na gwammace in wuni ban ci ba da a gan ni da riga ba guga. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, Inna tana Tsibiri tare da yayata, mu biyu ke nan gare ta. Na rubuto wa wannan mujalla ne saboda abin ya yi mini nauyi, kuma shekaru ba su rage shi ba.

Wata rana Alhaji ya ce masu masaƙar da yake sayen kaya wurinsu sun gayyace shi Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Kwana biyu zai yi yana duba kaya, sauran makonni ukun na buɗe ido ne, kuma yana son ɗan boko a gefensa. Ya ce da ni za a je. Ni da ban taɓa wuce Yamai da Katsina ba! Ya ja mini kunne cewa kada in faɗa wa kowa sai fasfona ya fito. Na ce to. Kafin magariba mai shayin bakin layinmu ma ya sani.

A cikin kayan samfurin da aka aiko akwai wata takarda mai hotuna da taswirar birnin. Na karɓe ta, na sayi sabon littafin rubutu, na shiga tsara tafiya kamar ni aka ba garin. Na ware ranar farko don tsohuwar fadar sarakunansu, ta biyu don hasumiyar da ke kan dutse wadda ake hango birnin duka daga samanta. Na haddace layukan jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, kowane da launinsa, har ina iya gaya maka inda za ka sauka ka canja. Na nemo masallacin da za mu yi Juma'a, na ja masa layi biyu. Da na ga da tsinke suke cin abinci, sai na samo tsinken tsire guda biyu ina koyo da shinkafa, rabi a baki rabi a cinya, abokaina suna dariya suna kirana Ɗan Koriya. Sunan ya yi mini daɗi, ban san zai bi ni har tsufa ba.

Na je Tsibiri bankwana ana saura kwana uku mu bar Maraɗi. Inna ta riga ta sa an yi fura ta sadaka, maƙwabta sun cika zaure, liman ya yi addu'a doguwa. Na baje taswira a tabarma ina bayani. Na gaya wa Inna cewa a can yamma ake fuskanta in za a yi salla, ta riƙe baki ta ce to ashe bayan Makka ma akwai mutane. Na ce mata lokacin da take sallar asuba, mu a can azahar ta yi. Kowa ya ba da saƙo, wannan agogo, wancan rediyo. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙa. Ta ce ta taɓa shafa wani bargo mai laushi a gidan biki aka ce na Koriya ne, in sayo mata irinsa, don ƙafafunta ba sa jin ɗumi in sanyi ya shigo. Ta ƙulle mini dakuwa da kilishi a leda, ta ce kada abincin mutanen ya hana ni ƙoshi.

Fasfona sabo ne, an yi mini alkawarin zan tarar da shi a Yamai. Muka tarar ma'aikatan ofishin fasfo sun shiga yajin aiki, ƙofa a garƙame, babu wanda ya san ranar buɗewa. Kwana huɗu ina zuwa ina zama a gindin bishiya. Takardun Alhaji a shirye suke tun tuni, jirgi kuma ba ya jira. Ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri in koma gida, wani karon da ni. Na roƙe shi ya sayo bargon Inna, ya ce ba zai manta ba.

A nan ya kamata labarin ya ƙare, a yi mini dariya ta mako guda a manta. Amma da na tuna zauren nan, da addu'ar liman, da yadda na riƙa nuna layin jirgi da yatsa, sai na ji ba zan iya ba. A cikin mota na yanke shawara: in ɓuya har Alhaji ya dawo, in tare shi in roƙe shi ya rufa mini asiri, mu shiga gari tare. Ai na san birnin a ka, wa zai kama ni? Hanyar Yamai ta Tsibiri take bi. Da muka iso na ja rawani na rufe fuska, ina ganin lungun gidanmu ta taga, har na hango bishiyar darbejiyar ƙofar. Motar ta tsaya ta sauke mutum biyu. Ban sauka ba.

Na wuce Jiratawa wurin wani abokina na makaranta mai lambun zogale da albasa. Ya ce haukan me nake yi, amma ya ba ni bukkar lambu. A can na cinye dakuwar Inna. Da rana ina taya shi ban ruwa, da yamma ina bitar littafina, ina shirya labaran da zan bayar na fada da hasumiya.

Rana ta goma sha ɗaya ya kai zogale kasuwar Maraɗi, ya dawo fuskarsa ba daɗi. Ya ce ya haɗu da wata 'yar Tsibiri ta ce Inna tana kwance, zazzaɓi da tari. Ya ce in tashi mu tafi yanzu, shi zai kai ni. Wannan ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya, domin duk abin da ya wuce kafin nan wauta ce, wannan kuwa laifi ne. Na ce masa ciwon sanyinta ne na kowace shekara. Na ce saura kwana goma kawai Alhaji ya dawo. Ya dube ni ya ce Allah ya sa kada in yi kuka da wannan magana, ya ɗauki fartanyarsa ya bar ni.

Bayan kwana huɗu, da safe, ina wanke ƙafa a bakin kwata rediyon abokina na rataye a reshe, aka shiga sanarwar rasuwa. Na ji sunan unguwarmu, na ji sunan Inna. Aka ce jana'iza ƙarfe goma. Mai sanarwa ya ce ta bar 'ya'ya biyu, ɗaya yana ƙasar Koriya a halin yanzu, ana roƙon wanda ke da hanya ya sanar da shi. Tsakanina da ita bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Kafin in sami abin hawa zuwa Maraɗi, in canja wani zuwa Tsibiri, rana ta ɗaga. Na tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Suka yi ta rungumata suna cewa ikon Allah, ashe yau na sauka, Allah bai nufa mu gana ba. Wani har yana tambaya ko jirgin ne ya yi latti. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina amsa gaisuwa kawai. Da na shiga cikin gida, yayata ta dubi fuskata, sannan ta dubi ƙafafuna, kaushi da taɓon lambu har ƙauri. Ba ta tambaye ni ba, ni na faɗa mata. Sai ta ba ni labari a hankali, ba faɗa ba zagi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce tun ciwon yana sabo ta so ta je gidan Alhaji a buga waya, Inna ta hana, ta ce kada a ɓata wa yaro tafiyarsa ta farko. Ta ce kullum in Inna ta idar da asuba a kwance sai ta yi murmushi ta ce yanzu yana can yana cin abincin rana da tsinke. Ta ce a ranar ƙarshe Inna ta tambayi kwana nawa ya rage in dawo, aka ce shida, ta ce da yawa.

Alhaji ya dawo ranar da ya ce. Gari ya ji gaskiya, dariyar da na guda ta zo, sai dai ba wanda ya yi ta da ƙarfi. Har yau akwai tsofaffin da ke kirana Ɗan Koriya, ina amsawa. Fasfon ya fito bayan wata biyu, ya mutu a akwati ban taɓa buɗe shi a gaban kowa ba. Yayata muna gaisawa, muna zumunci, amma ba ta sake kirana da sunan da Inna take kirana ba.

Abin da na gane shi ne kunyar da na ji tsoro ta kwana bakwai ce, na musanya ta da abin da ba ya wucewa. Ku matasa masu shirin tafiya, ku riƙe bakinku har takarda ta shiga hannu. In kuma abin ya rushe, ku koma gida a ranar, ku ce bai yiwu ba. Masu dariya za su gaji, uwa kuwa ba don ka ga birni take son ka ba. In aka ce muku tana kwance, kada ku ƙirga kwanaki, ba ku san nata lissafin ba.

Alhaji bai manta da saƙona ba. Ya kawo bargon, ja mai furanni, mai laushi kamar yadda ta faɗa. Yana saman akwatina cikin ledarsa. Matata ta sha cewa mu buɗe wa yara in sanyi ya yi tsanani, ina cewa a bari, ba namu ba ne.