Daren Da Na Yi Daka Da Goyo

Na yi ƙodago a gonakin mutane, na ɗauki dilar auduga a kaina har wuyana ya sage, amma ban taɓa yin aikin da ya ba ni wuya kamar rarrashin jaririya mai haƙori ba. Buhu in ka sauke shi ka huta. Ita kuwa ko ka fita waje, kukan yana nan cikin kanka.

Lokacin muna Gusau, a gidan haya, shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira. Fari ne ya koro ni daga ƙauyenmu, can wajen Kekun Waje ta ƙasar Bungudu, na zo ina dako a tashar jirgi. Matata kuma tana dakau. Mutane su kawo gero ko dawa, ta surfe ta daka musu. Daga hantsi har la'asar tana gindin turmi, jaririyar ɗiyarmu tana goye a bayanta.

Kafin wannan ɗiya mun binne maza biyu. Kowannensu ya zo lafiya, ya yi ƙiba, ya fara zama. Da dasashi ya kumbura sai zawo, sai zazzaɓi, shi ke nan. Ina da furfura a gemu a lokacin, amma ban taɓa ganin haƙori a bakin ɗan da na haifa ba. 'Yan rigunansu suna ƙasan akwati, ba mai taɓa su.

Da aka haifi ɗiyar, surukata ta zo daga 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe. Ta ce wabi ne, kuma ta san maganinsa. Ta ɗauki jaririyar ta kai ta bakin juji ta ajiye, kamar an yar, sannan ta sa wata tsohuwa ta tsinto ta. Ta laƙa mata wani suna marar daɗin ji. Ta hana a ɗinka mata sabuwar riga, sai dai tsumma. Ni kuma ta yi mini magana ta bayan labule, don ba ma haɗa ido.

"A faɗa mishi kada ya ɗauke ta, kada ya yi mata wasa. A nuna ba a damu da ita ba, sai a bar musu ita."

Limamin unguwarmu ya ce camfi ne, rai na Allah ne. Na yarda da shi, amma na bi maganar Inna, surukar tawa. Wanda ya haƙa ƙaramin kabari sau biyu ba ya gardama da kowa. In na dawo daga tasha sai in dube ta ta gefen ido in wuce.

Cikin damina abin ya zo. Ta fara dalalar da yawu, tana jan kunne, tana tura duk abin da ta samu a baki. Jikinta ya yi zafi, cikinta ya saki. Da rana da sauƙi, dare na yi sai ta buɗe murya. Muka kwana muka tashi a haka har na daina sanin ranaku. Uwar ma zazzaɓi ya kama ta, ta bar daka, nono ya ragu.

A daren da nake magana an yi ruwa an ɗauke. Matata tana tsaye tana jijjiga ta, sai na ga ta sulale jikin bango.

"Malam, karɓe ta. Wallahi zan yar da ita."

"Inna ta ce..."

"Inna tana 'Yankuzo tana barci. Karɓe ta."

Na karɓa. Ba ta da nauyin komai, ko kwanon gero ya fi ta. Zafinta ne ya ba ni tsoro, kamar dutsen da ya wuni a rana. Na fita da ita tsakar gida don uwar ta samu ta runtsa. Na jijjiga ta, na kaɗa mata makulli, na karanta 'yan surorin da na iya, waɗanda ba su da yawa, na tofa mata. Na rera mata waƙar da muke yi in muna loda tarago. Ko a jikinta. Ta banƙare, ta dunƙule hannu, muryar ta fara dushewa. Wannan dusasshen kuka na san shi. Irinsa ɗanmu na biyu ya yi daren da ya tafi.

Ina kai da kawowa cikin duhu na yi tuntuɓe da taɓarya. An jingina ta a bango, ta faɗo ta bugi bakin turmi, gum! Sai ɗiyar ta yi tsit. Ta ja numfashi kamar mai sauraro. Da ba ta ji an ƙara ba, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Na tsaya ina kallon turmin. Tun tana ciki wannan ƙara take ji. A kanta take barci kullum. Tun da uwar ta kwanta, turmin ya yi shiru.

Na gwada riƙe ta a hannu ɗaya, taɓarya a ɗaya. Bai yiwu ba. Na duba ƙofofin 'yan haya, duk a rufe. Na jawo zanen matata daga kan igiya, da ɗan danshinsa, na tuɓe rigata, na sunkuya na aza ta a baya. Ta zame, na taro ta. Na ɗaure zanen irin ɗaurin da muke yi wa kaya. A garinmu namiji ba ya goyo, ba ya daka. An kuma ce ba a daka da dare, ba a kuma dukan turmi ba komai a ciki. Na zuba dusa don in rage laifi ɗaya, na ce bisimilla, na ɗaga taɓarya.

Ban daɗe ba na ga haske. Maƙwabciyarmu ce ta fito da fitilar ƙwai. Kirista ce daga kudancin Zariya, mijinta yana aikin jirgi, kowa Mama yake ce mata. Ta ɗaga fitilar ta haska ni daga sama har ƙasa.

"Wayyo Allahna! Malam, kai ne? Ni na ce yau aljanun gidan nan sun samu dakau."

"Ni ne, Mama. Koma ki kwanta."

"In kwanta kana fasa wa matarka turmi? Daka kake yi ko kashe maciji? Juyo in gani. Kai! Wa ya ce maka buhun gyaɗa ce?"

Ta ajiye fitilar, ta kwance ɗaurin, ta ɗaga ɗiyar sama kaɗan har kanta ya zo tsakanin kafaɗuna, ta kawo majanyi ta tamke ta.

"To, yanzu daka. Ba da ƙarfin hannu ba, da ƙugu ake yi. Saki gwiwa. Bar taɓaryar ta faɗo da kanta."

"In kika faɗa wa wani..."

"Wa zai yarda? Da wannan gemun naka?"

Ta ɗauko tata taɓaryar ta tsaya gabana. In tawa ta fita, tata ta shiga. Da farko muna karo, tana yi mini tsaki. Can sai hannuna ya kama. Gum, gum, gum, gum. Na ji ƙarar tana hawowa ta tafin ƙafata, ta bi ƙashin bayana, ta shiga jikin ɗiyar. Kukan ya koma shessheƙa. Shessheƙar ta koma wani ɗan gurnani da take yi daidai da saukar taɓarya, kamar tana taya mu. Sannan kanta ya faɗo a bayana, jikinta duk ya saki.

Gabana ya faɗi. Na san wani irin sakin jiki da ba barci ba.

"Mama, duba mini ita."

Ta haska. "Barci take, har da buɗe baki. Kada ka tsaya."

Ban tsaya ba. Mama ta gaji ta zauna a bakin ƙofarta tana gyangyaɗi, ni ina yi. Dusa ta zama gari. Gajimare ya janye, taurari suka fito kamar an wanke su, kwaɗi suna ta yi a kududdufin bayan gida. Ina jin numfashinta mai ɗumi a fatata, ina jin zuciyarta tana bugawa da sauri, 'yar ƙarama, ba ta fashi. Ni da na ɗauki kayan da ya kusa karya ni, ban taɓa sanin baya yana ji kamar tafin hannu ba. Abu ɗan mitsitsi haka, wa ke kaɗa masa zuciya cikin dare, kowa na barci? Na yi ta tasbihi, ban ma san na fara ba. Zufa ta keto mata, ta haɗu da tawa, na ji zafin yana sauka.

Wajen asuba ta farka. Ba ta yi kuka ba. Ta kifa baki a kafaɗata tana gwaguya da dasashi, yawu na bin bayana. Sai na ji wani abu ya karce ni. Ɗan kaɗan, kamar ƙayar kifi.

Na ta da Mama. Ta sauke mini ita, ta tsoma cokalin ƙarfe a randa ya yi sanyi, ta sa mata a baki. Ɗiyar ta kama ta ciza. Muka ji ƙas.

"Ka ji?"

"Ƙara."

Ta ƙara. Ƙas.

Na durƙusa, ta kawo fitila kusa, na ja leɓen ƙasa da yatsa. Ga shi nan. Fari, siriri, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba, da ɗan ja a gefensa. Ƙashi ne ya huda nama ya fito, ba wuƙa, ba wanzami. Ba wanda ya shuka shi. Yana can ciki tun ran da aka kai ta juji, yana tahowa a hankali, mu muna nan muna yi kamar ba mu damu ba. Na daɗe a durƙushe. Ladan ya kira salla ina jinsa kamar daga wani gari.

"Ɗaya ne fa, Malam," in ji Mama. "Saura cike da baki. Kuma zawon nan ba na wasa ba ne, yau asibiti za ta, ita da uwar."

Na shiga ɗaki na ta da matata. Na kama yatsanta na sa a bakin ɗiyar. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da gari ya waye ban je tasha ba. Na raka su asibiti tare da Mama, na bar su a layi. Hannuwana duk sun yi kanta, kafaɗa ba ta ɗaguwa. Na wuce kasuwa na yanki yadi mai furanni ja, na kai wa tela. Ya ce in kwatanta masa tsawon yarinyar. Na sa hannu daidai gwiwata, sannan na ɗaga shi sama.

Ya ce, "Malam, ka ce jaririya. Wannan ai rigar mai tafiya da ƙafarta ce."

Na ce, "Haka nake so. Ɗinka."